Yadda ake haɗa shatavari da hulba don ƙara ruwan nono a tsarin Ayurveda

A Ayurveda, maganin gargajiyar Indiya, ana ganin ruwan nono daga "rasa" yake samuwa, wato sinadarin abincin da jiki ya narkar. Shi ya sa masana fannin ke fara duba cimar mai jego kafin su ba ta magani.

Saiwar shatavari, wani tsiro da ke fitowa a Indiya, ita ce kan gaba. Garinta ake sha, giram 3 zuwa 6 a yini, kimanin cokalin shayi ɗaya zuwa biyu. Ki raba biyu, safe da yamma, ki dama a kofin madara mai ɗumi bayan cin abinci. Fara da rabin cokali na kwana 3, ki ga yadda cikinki ya karɓa. Nau'in da ake kira shatavari kalpa kuwa sukari ne ya fi yawa a cikinsa, mai ciwon sukari ta kiyaye.

Hulba, wadda Indiyawa ke kira methi, ta fi sauƙin samu amma ta fi buƙatar lura. Ki jiƙa cokalin shayi ɗaya a kofin ruwa ya kwana, da safe ki tafasa minti 5, ki tace ki sha. Gumi da fitsari za su canza ƙamshi, wannan ba komai. Idan ta yi yawa sai kumburin ciki da gudawa, wani lokaci har jaririn ya yi ta ciwon ciki. Tana sauke sukarin jini, don haka mai shan maganin sukari ko na tsinka jini ta tuntuɓi likita tukuna. Wadda gyaɗa ke tayar wa borin jini ta haƙura da ita, mai ciki ma haka.

Ki sayi gari tsantsa, don an sha gano dalma da zaiba a wasu haɗe-haɗen Ayurveda, kuma dalma na bin nono zuwa jikin jariri.

Inda aka fi kuskure shi ne a dogara da magani a rage shayarwa. Nono na ƙaruwa ne gwargwadon yadda ake tsotse shi. Ki ba jariri nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, ki tabbatar bakinsa ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon. Kada ki ɗura masa ko ɗigon waɗannan jiƙe-jiƙen. Idan daga kwana 5 ba ya fitsari sau 6 a yini, ko ya yi mako 2 bai koma nauyin haihuwarsa ba, ki kai shi asibiti ranar.