Yadda Ake Sabawa Ƙwayoyin Ɓargo da Ƙarancin Oksijin Kafin a Dasa Su a Zuciya

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, naman wurin yakan mutu ya koma tabo. Masu bincike suna dasa ƙwayoyin asali na ɓargo (ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki) domin gyara, amma a gwajin dabbobi fiye da kashi 90 cikin 100 suna mutuwa ko su zurare tun kwanakin farko. An rene su a inkubeta cikin oksijin kashi 18 zuwa 21, sai aka zuba su inda bai kai kashi 1 ba. Ga shi oksijin ba ya ratsa nama fiye da maikuromita 100 zuwa 200 (bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba) daga ƙaramar jijiya.

Dabarar ita ce a saba musu tukuna, kamar yadda mai lambu ke sabawa dashen tumatir da rana kafin ya kai shi fadama. Ƙarancin oksijin na ɗan lokaci yana tayar da furotin HIF-1α, wanda bincike a kansa ya sa Semenza, Kaelin da Ratcliffe suka sami kyautar Nobel a 2019. Shi ke sa ƙwaya ta koma ƙona sukari ba tare da oksijin ba, ta kuma fitar da furotin VEGF mai jawo sabbin jijiyoyi. Wani gwaji a ɓeraye a 2008 ya yi amfani da kashi 0.5 na awa 24, aka ga ƙwayoyin sun fi rayuwa.

Ga mai son gwadawa a ɗakin gwaji a Bauchi ko Gombe, ba dole sai inkubeta mai gas uku ba. Akwatin roba mai rufewa ruf ya isa, da silinda mai haɗin oksijin kashi 1, kabon dayoksaid kashi 5, naitirojin kashi 94. A jira ƙwayoyin su rufe kashi 70 zuwa 80 na gindin faranti. A ajiye ƙaramin faranti na ruwa tsarkakakke a cikin akwatin saboda bushewa, musamman da hunturu. A hura gas lita 20 a minti har minti 5, a toshe bututun shiga sannan na fita, a saka a inkubeta a digiri 37. Bayan awa ɗaya a sake hurawa, domin roba da ruwan reno (ruwan abincin da ƙwayoyin ke ciki) suna sakin oksijin da suka riƙe.

A nan ne galibi ake yin asara. Ruwan reno yana ɗaukar wajen awa 3 kafin oksijin ɗinsa ya sauka, don haka a kwanar da shi a akwatin tun jiya, kuma kada a cika shi da zurfi. Sai maganar gulukos, wato sukarin da ƙwaya ke ci, wadda a ganinmu ta fi kashin oksijin ɗin muhimmanci. Ƙwayar ɓargo tana jure rashin oksijin matuƙar akwai sukari. Idan ya ƙare, ta mutu. Gulukos ɗin ruwa mai giram 1 a lita yana saurin ƙarewa a faranti cunkushe. Idan ruwan renon, wanda ja ne, ya koma rawaya, tsami ya taru, ƙwayoyin suna wahala ke nan. Shi ya sa wuce awa 48 ba burgewa ba ne.

Kada a buɗe akwati don leƙe. HIF-1α yana rushewa cikin kamar minti 5 da shan iska, mai son auna shi sai ya fasa ƙwayoyin nan take a kan ƙanƙara. Wasu suna zuba sinadarin kobal kulorayid a madadin gas. Yana tayar da furotin ɗin, amma yana da guba, kuma ba ƙarancin oksijin na gaske ba ne. Inkubeta kuwa lallai ta kasance a kan inbata ko sola. Ɗauke wuta na dare ɗaya ya isa ya ɓata sakamako.

Kafin allura a ƙidaya masu rai da tiripan bulu (rinin da ke shiga matattun ƙwayoyi kawai), a gwada da farantin da bai shiga akwati ba. Kada su daɗe a ruwan gishiri, a tura su a hankali, a gefen tabon inda jini ke ɗan zuwa, ba tsakiyarsa ba. Gwajin dabbobi sai da izinin kwamitin ɗa'a, kuma har yanzu wannan bincike ne, bai zama maganin da ake ba mai ciwon zuciya a asibiti ba.