Yadda Ake Kafa Kyamara a Saman Tebur Don Ɗaukar Bidiyon Zane

Mai kallon bidiyon zane abu uku yake nema: ya ga takarda a miƙe ba a karkace ba, ya ga layin fensir ɓaro-ɓaro, hoton kuma ya tsaya cak ba rawa. Duk wayar da ke ɗaukar 1080p za ta iya wannan aiki. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wajen mariƙi da haske, don haka in kana da ɗan kuɗin kashewa, can ya kamata su tafi, ba wajen sabuwar waya ba.

Abin da zai riƙe kyamarar

Mariƙin nan mai ƙafa uku da masu hoto ke yawo da shi ba a yi shi don kallon ƙasa ba. Da ka sunkuyar da kansa, ƙafafunsa ne za su fara shigowa hoto. Sai dai in yana da sandar da ake kwantarwa ta miƙo saman tebur. In irin wannan gare ka, ka juya shi yadda ƙafa ɗaya za ta kasance daidai ƙarƙashin sandar, sannan ka rataya nauyin kilo 2 zuwa 3 a ɗaya ƙarshen. Jakar yashi ta wadatar, ko robar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda biyu, tunda litar ruwa kilo ɗaya ce. In babu wannan nauyi, gwiwar hannu kaɗai za ta iya kifar da shi, waya ta faɗo a kan fuskarta.

Akwai kuma hannu mai lanƙwasa da ake maƙalawa a gefen tebur. Yana da arha, bai cin wuri, amma yana da aibi babba: duk motsin da tebur ya yi, shi ma sai ya yi. Ka sa kilina ka goge layi ɗaya, wayar za ta yi ta lilo na sakan biyu ko uku. Maganinsa shi ne a maƙala shi a wani abu daban, kanta ko ƙarfen taga ko wani tebur da ke gefe wanda bai taɓa naka ba. Irin mai siririn wuya kamar maciji kuwa, a bar shi don kallon fim a gado, ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Wanda ya fi duka ƙarko shi ne wanda kafinta ko mai walda zai haɗa maka. Ginshiƙai biyu na katako tu-bai-tu, kowanne santimita 160, masu faffaɗar ƙafa, su tsaya a ƙasa hagu da dama ba tare da sun jingina da tebur ba. A gicciya musu sanda ɗaya a sama. A huda ginshiƙan duk bayan santimita 10 don a riƙa ɗaga sandar ko sauke ta. A tsakiyar sandar a sa notin da zai riƙe maƙalin waya. A nan sai an lura: ramin da ke gindin kyamara da maƙalan waya na noti ne mai kaurin rubu'in inci, mai zare 20 a kowane inci. Notin M6 da ya cika kasuwa ya yi kama da shi a ido, yakan ma shiga zagaye ɗaya ko biyu, amma zarensu ba ɗaya ba ne, in ka matsa sai ya cinye ramin. Ka tafi shago da maƙalin a hannu ka gwada. Kuma kada notin ya shige cikin kyamara fiye da milimita 5.

Tsayi da saiti

Takardar A4 santimita 21 ce a 29.7. Da babban idon waya, wanda aka rubuta wa 1x, tsayin santimita 35 zuwa 40 zai ɗauke ta duka har da ɗan gefe. A3 tana son wajen 50 zuwa 55. Matsalar wannan kusanci biyu ce: hannunka zai fito ƙato saboda ya fi takardar kusa da kyamara, kuma wayar tana daf da goshinka. In wayar tana da idon 2x na gaske, ka ɗaga ta zuwa santimita 70 ko 80 ka yi amfani da shi. Hannu zai koma girmansa, gefunan takarda su miƙe, kai ma ka samu wurin sunkuyawa. A wayoyi da yawa 2x ɗin yanke hoton kawai ake yi a faɗaɗa shi, kuma siraran layuka ne ke fara dusashewa. In haka taka take, gara ka ɗauka a 4K daga sama, ka yanke gefen wajen tacewa. Idon 0.5x kuwa kada ka taɓa shi, yana lanƙwasa layin da ka ja da rula.

Dole idon kyamara ya fuskanci takardar kai tsaye. In ya ɗan karkata, murabba'i zai fito gefe ɗaya ya fi faɗi, da'ira ta koma ƙwai, fuskar da ka zana daidai ta fito da dogon haɓa. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramin madubi. Kwantar da shi a tsakiyar inda takarda za ta zauna, ka duba fuskar wayar. Ka riƙa gyara mariƙin har sai ka ga idon kyamarar yana kallon kansa a tsakiyar hoton daidai. Shi ke nan, ya saitu. Wayoyin iPhone suna nuna alamar giciye biyu, fara da rawaya, in an fuskantar da su ƙasa, amma wannan da shimfiɗar ƙasa yake aunawa. In allon zanenka a jingine yake, madubin ne kawai zai gaya maka gaskiya.

Bayan nan ka liƙa tef ɗin takarda a kan tebur daidai iyakar abin da kyamara ke gani, kusurwa huɗu. Takardar ma a liƙe ta, musamman in fanka na aiki. Masu juya takarda suna zane sai su sa ɗigo a tsakiyar tebur su riƙa komawa kansa. Ƙarƙashin takardar a shimfiɗa kwali mai ruwan toka ko katako marar ƙyalli.

Wani abin haushi: waya in ta kalli ƙasa ba ta sanin ina ne sama. Sai ka gama aikin awa guda ka tarar bidiyon a tsaye maimakon a kwance. Ka riƙe ta a kwance a gabanka tukuna, ka ga alamomin fuskarta sun juya, sannan ka kifar da ita a hankali ka maƙala.

Haske

Fensir yana ƙyalli. Inda ka cika baƙi da 4B ko 6B yakan zama tamkar madubi, haka ma tawadar da ba ta bushe ba. Haske kuma yana tashi daga takarda ne da irin kusurwar da ya sauka. Fitilar da ke sama kusa da kyamara za ta dawo da haskenta cikin idon kyamarar kai tsaye, wurin da ya fi baƙi a zanen ya fito fari fat. Shi ya sa fitilar nan mai zobe da ake sa waya a tsakiyarta ta dace da fuska amma ba ta dace da zane ba. In ita kaɗai gare ka, cire wayar daga cikinta ka kai ta gefe.

Fitila biyu ake so, hagu da dama, kowacce tana gangaro haske a kusurwar digiri 45, nisan santimita 70 zuwa mita ɗaya daga takarda. In har yanzu akwai ƙyalli, sauke su ƙasa kaɗan zuwa wajen digiri 30. Mai zane da dama ya sa babbar fitilar a hagu, ɗan gaba da shi, don inuwar hannu ta faɗa baya, nesa da bakin fensir. Bahago ya juya tsarin. Ta biyun aikinta rage duhun inuwa ne kawai, don haka a ja ta baya. In ka ninka nisan fitila, hasken da ke isa takarda yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. In babu ta biyu, farin kwali a tsaye a wancan gefen zai mayar da haske daidai gwargwado. Ƙwan fitila tsirara yana yin inuwa mai kaifi. Rataya farin yadi marar kauri santimita 15 zuwa 20 a gabansa, inuwar za ta yi laushi. Da ƙwan LED ake wannan, ba mai zafi ba.

Ƙwayayen su zama iri ɗaya, masu farin hasken rana, 5000K zuwa 5600K a jikin kwali. Ka kashe fitilar ɗaki. In fari da rawaya suka haɗu, rabin takarda zai yi shuɗi-shuɗi rabi ya yi ja-ja, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan da kyau. Mai aiki da kala ya nemi ƙwan da aka rubuta wa CRI 90 ko sama, wato ma'aunin yadda fitila ke fito da launi na gaskiya.

Hasken taga kyauta ne kuma yana da kyau, sai dai ba ya zama. Da damina gajimare ɗaya zai canza hoton sau biyar cikin minti goma, kuma in aka ƙara wa bidiyon gudu sai ya riƙa ƙiftawa. Shawarar da masu zane na Turai ke bayarwa ta a zauna a tagar arewa ma ba ta cika aiki a nan ba: a Kano da garuruwan da ke layinta, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana ta arewa take bi da tsakar rana. In aikin zai wuce rabin awa, rufe labule ka kunna fitila.

Kulle komai

Waya in ta ga farar takarda sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi, takardar ta fito ruwan toka. Da hannunka ya shigo sai ta ƙara, ta kuma bar takarda ta koma saita hannun. Wannan kai-komo ne ke sa bidiyo ya riƙa numfashi. Ka ɗora rula ko ka ja layi mai duhu a takardar, domin kyamara ba ta iya kama saiti a kan fari zalla. Danna wurin a fuskar wayar ka riƙe har sai rubutun AE/AF Lock, wato an kulle haske da saiti, ko alamar kwaɗo ta fito. Sannan ka ja alamar rana sama har takarda ta yi fari, amma ka tsaya kafin siraran layuka su fara ɓacewa. Launi ma a kulle shi a lambar da ke jikin ƙwan fitilarka. In manhajar wayar ba ta ba da wannan dama, Open Camera a Android da Blackmagic Camera suna bayarwa, kuma kyauta ne.

Kashe abin hana girgiza. Waya a kafe ba ta buƙatarsa, kuma yakan ɗauki motsin hannu a matsayin motsin kyamara, sai takarda ta riƙa zamewa. Wayoyin da ke sauya ido da kansu in abu ya matso kusa, su ma a kashe musu wannan. Mai kyamara sosai ya sa f/5.6 zuwa f/8, ISO 100 zuwa 400, ya saita da hannu a kan takardar.

Sai maganar layukan duhu da ke gangarowa a hoto. Wutar lantarki a Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan tana juyawa sau 50 a sakan, fitila kuma tana ƙiftawa sau 100. Wayoyi da yawa a kan hoto 30 a sakan suke zuwa, wanda ya dace da wuta mai 60 irin ta Amurka da Saudiyya. Ka mayar da taka 25, saurin buɗe idon kyamara kuma 1/50 ko 1/100 na sakan. A iPhone sai an kunna Show PAL Formats kafin 25 ta bayyana. Ƙaramin janareta ba ya riƙe 50 ɗin daidai, yana hawa yana sauka da nauyin da ke kansa, don haka layukan kan dawo ko da saitin daidai ne. Mafita ita ce fitilar LED mai USB a jikin fawa banki: ba ƙiftawa, kuma ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba. Ka bar ta a cikakken ƙarfinta, domin masu arha in an rage su ƙiftawa suke yi; in haske ya yi yawa, ja ta baya. Fitilar caji ta gida tana dusashewa a hankali yayin da batir ke sauka, ido ba ya lura, amma ƙarshen bidiyon zai fi farkonsa duhu.

Dogon aiki

A iPhone, minti ɗaya na 1080p yana cin wajen megabait 60, na 4K wajen 170, wato awa guda ta 4K ta kai gigabait 10. Wayoyin Android da yawa sun fi haka ci. Ka duba wurin ajiya tun kafin ka fere fensir. In bidiyo mai gudu kake so, hoto ɗaya duk sakan 2 zai mayar da aikin awa guda sakan 72, in an nuna hoto 25 a sakan. Amma in koyarwa ce, ɗauki bidiyo na sosai ka ƙara masa gudu daga baya, don ka iya sassautawa a wuraren da ɗalibi ke buƙatar ganin yadda hannu ke tafiya.

Zafi na kashe ɗauka. Cire rigar wayar, rage hasken fuskarta, sa ta a yanayin jirgin sama don kira kada ya katse ka. Caji ana ɗauka yana ƙara mata zafi, gara a cika ta tun farko. Ka riƙa tsayawa duk minti 20 zuwa 30, ka duba, ka ci gaba. Tsofaffin kyamarori da yawa ma da kansu suke tsayawa kafin minti 30 ya cika. Da hunturu a goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi kafin kowace ɗauka, ƙura na sa hoto ya yi hazo.

Fuskar wayar rufin ɗaki take kallo, ba ka ganin abin da take ɗauka. Ko dai ka haɗa ta da kwamfuta ta manhaja irin DroidCam, ko ka rataya madubi a karkace a samanta yadda za ka hango daga kujera. Ba don ado ba: hula da bakin mayafi su ne suka fi kutsowa cikin hoto in an sunkuya. Agogo da zobe a cire, suna walƙiya. Hannun riga mai ƙananan ratsi yana sa hoto ya yi ta rawa, a naɗe shi.

Layin fensir 2H da kake fara shata zane da shi da ƙyar kyamara ke ganinsa. Don bidiyo, fara da HB, ka ɗan danna fiye da yadda ka saba. Murya kuma a ɗauke ta daban bayan an gama, lokacin da fanka da janareta suka yi shiru.

Kafin ka shiga aikin gaske, ɗauki gwajin sakan 30: ja siririn layi, cika wani wuri da baƙi, goge da kilina, shigo da hannu ka fitar, sannan ka sunkuya kamar yadda kake yi in aiki ya yi daɗi. Kalli gwajin a babban allo, ba a fuskar wayar ba. In komai ya yi, sa alamar tef a ƙasa inda ƙafafun mariƙi da fitilu suke, ka rubuta lambar hudar da sandar take, don gobe ka mayar da kowanne wurinsa.