Darasi na 9: Agogon injin ruwa da iskar balo

A gidaje da yawa a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ruwa yana fitowa daga rijiyar burtsatse ko daga tankin ƙasa, sai ƙaramin inji ya tura shi cikin gida. A jikin injin akwai agogo mai allura ɗaya, wanda yake auna ƙarfin ruwa. Ma'auninsa shi ne bar. Bar 1 yana iya ɗaga ruwa sama kamar mita 10. Shi ya sa tankin da aka ɗora a kan gini mai mita 5 ba ya ba da abin da ya wuce rabin bar, ruwan wanka ya riƙa zuba a hankali.

Ku tsaya gaban agogon, a buɗe muku famfo ɗaya. Allura za ta yi ta sauka. In ta kai lambar ƙasa, inji ya tashi. In ta hau lambar sama, ya tsaya da kansa. Ana yawan saita su a kan 2 da 3, amma kowane gida da nasa. Ku rubuta naku a takarda, ku manna a bango.

Kusa da injin akwai tulun ƙarfe, ja ko shuɗi, shi ne balo. A cikinsa akwai jakar roba. Ruwa yana shiga jakar, iska tana kewaye da ita tana matse ta. Wannan iskar ce take tura ruwa yayin da inji yake hutawa. Idan ta ragu, ko kofi ɗaya aka tara sai inji ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi. Wuta tana tafiya a banza, inji yana gajiya. Mutane da dama sun sayi sabon inji alhali iska ce kawai ta ƙare musu, abin takaici.

Ga yadda ake dubawa. Ku fara cire wuta. Ku buɗe famfo har ruwa ya daina zuwa, allura ta koma kan 0, ku bar famfon a buɗe. A jikin balo akwai bawul irin na tayar babur. Ku ɗan danna tsinken da ke tsakiyarsa. In iska ce ta fito, madalla. In ruwa ne, jakar ta fashe, sai an canza ta. Ku ari abin awon iska wurin mai faci. Ana so iskar balo ta gaza lambar tashin inji da 0.2: in yana tashi a kan 2, a sa 1.8. Famfon keke ya isa. Amma in da ruwa a cikin balo, awon ƙarya zai ba ku.

Da dare, bayan an rufe duk famfuna, ku sake leƙa agogon. Idan allura tana sauka ita kaɗai, ruwa yana yoyo a wani wuri, sau da yawa a tankin ban ɗaki, ko kuma yana komawa rijiya don bawul ɗin da ke tare shi ya ci yashi. Kada a bar inji yana juyawa babu ruwa, zai yi zafi ya lalace. Ku yi masa rumfa, don zafin Maris da Afrilu a Garwa yana wuce digiri 40.

Wanda yake da ɗa a Faransa, ya tambaye shi, zai ce akwai irin wannan agogo a gidan da yake haya. Can ruwan zafi ne yake zagayawa cikin ƙarafan da aka kafa a bango don ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Allurarsu tana zama tsakanin 1 da 1.5 in ruwan ya huce, kuma in ta faɗi ƙasa sai su ƙara ruwa a hankali.

Aikin gida: injin maƙwabcinku yana tashi a kan 1.5. Iska nawa za a sa a balonsa? Ku rubuta amsar da lambobi, sannan da haruffa.