An Sauya Inji, Mota Ta Ƙi Daɗi: Kurakuran Da Aka Fi Yi Da Ma'aunin Iska

A garejojin Garwa da Marwa sauya inji ya zama ruwan dare. Injin Corolla ko RAV4 ya gaji, a sayo na okaziyon da ya sauka a Duwala, a ɗora. Mota ta tashi, kowa ya watse. Sai ga mai ita ya dawo da ƙorafi: tana mutuwa a ralanti, tana zuƙar mai, ta ƙi jan hawa. Sau tari injin lafiyarsa ƙalau. Rigimar tana wajen debitmetir, ma'aunin nan da ke kan bututu tsakanin filtar iska da inji, wanda na'urar bincike ke nunawa da sunan MAF.

A cikinsa akwai siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa. Iska na wucewa tana sanyaya ta, yawan wutar da za ta riƙe zafin wayar shi ke nuna nauyin iskar da ta shiga. A motoci da yawa saƙon yana tafiya tsakanin volt 0 da 5. Kwamfutar mota tana da jadawalin da ke mayar da shi giram a daƙiƙa, sai ta auna fetur giram 1 ga kowane giram 14.7 na iska. An rubuta jadawalin nan ne don ma'auni guda, a cikin bututu mai faɗi guda.

Nan ake fara ɓata aiki. Bututun injin da aka sayo ya ƙi zama a mota, sai bakanike ya yanko wani, ya huda, ya cusa ma'aunin. To, ma'aunin ɗan ɓangaren iskar da ta ratsa ta jikinsa kawai yake ji, sauran lissafi ne. In aka tashi daga bututu mai faɗin milimita 65 zuwa mai 75, hanyar iska ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Iska ta yi yawa, kwamfuta tana ganin kaɗan, ta rage mai. Inji ya yi zafi, ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma a hawan falez na hanyar Garwa zuwa Ngaundere, da lodi da zafin Afrilu, fistan ke biyan kuɗin. Gyaran shi ne a sayi inji da danginsa: kwamfutarsa, wayoyinsa, enjektocinsa, ma'auninsa da gidan ma'aunin. Ɗan sefan da aka rage wajen barin waɗannan a shago, ninkinsa ake kashewa daga baya. In dole ta sa a yi sabon bututu, faɗin cikinsa ya zama daidai da na asali, ma'aunin ya zauna a miƙaƙƙen wuri nesa da lanƙwasa, kibiyar da ke jikinsa tana kallon inji.

Kada kuma a ruɗu da soket. Ma'aunan kamfanin Denso masu waya 5 suna kama da juna, na injin 1ZZ mai lita 1.8 zai iya shiga gurbin na 2AZ mai lita 2.4 ba gardama, amma shiga ba dacewa ba ce. A duba lambar da ke jikinsa. Wasu tsofaffin injina, irin 4A-FE na Carina E, ba su ma da shi, matsin iska suke aunawa da wani ma'auni da ake kira MAP, don haka kwamfutarsu ba ta jin yaren debitmetir.

Sai iskar sata. Duk tsagewar roba, ko kilif da bai ɗauru ba, ko ƙaramin tiyo da aka manta a buɗe bayan ma'auni, iska ce da ta shiga ba a ƙirga ta ba. Mutane na canza ma'auni biyu, uku, alhali roba ce ta tsage a ƙasa inda ido bai kai ba. Ƙaramar na'urar bincike ta ELM327 da wayar hannu sun isa raba gardama. A jona ta a soket ɗin OBD2 mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a bar inji ya yi zafi, a karanta STFT da LTFT, wato gyaran da kwamfuta ke yi wa mai, na nan take da na dogon lokaci. Jimlarsu in tana cikin kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa, ba laifi. In ta yi sama sosai a ralanti, ta sauko da aka taka totur inji ya kai juyi 2,500 a minti, a nemi inda iska ke shiga. In kuwa tana hawa ne yayin da inji ke ɗaukar nauyi, ma'auni ya yi datti ko famfon mai ya yi rauni. Lambar matsala P0171 da na'urar ke nunawa cewa take mai ya yi kaɗan, P0172 ya yi yawa. Babu wadda ta ce a sayi sabon ma'auni.

Ƙurar hunturu tana manne wa wayar, ta hana ta jin iska sosai. Wanke ta da zuwa-zuwa ko goga mata tsinke kashe ta ne. Akwai feshin da aka yi don ita, a fesa daga nesa, a bari ta bushe. Filtar kwalliya mai siffar mazurari da samari ke so, wadda ake shafa wa mai, ita ma tana shafa wa wayar maiƙo, ga ta tana zuƙo zafin inji. A ƙasar da rana ke wuce digiri 40, akwatin filta na asali ya fi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne zare soket ɗin ma'aunin a ce wa mai mota, “Alhaji, ai ka ga ta gyaru.” Kwamfuta ta koma ƙiyasi ne, tana zuba mai da yawa don kare inji, fulogi na baƙi, aljihu na ramewa.

Sake rubuta jadawalin kwamfuta shi ne aikin ƙarshe, bayan an toshe ko'ina, an tabbatar ma'aunin oksijin na salansa yana aiki, an goge tsohon gyaran da kwamfuta ta haddace. Ana gyara shi kaɗan-kaɗan bisa abin da LTFT ya nuna a kowane mataki. Amma in an danne totur ƙasa, kwamfuta ba ta sauraron ma'aunin salansa, sai an ɗaura na musamman mai karanta cakuɗar gaba ɗaya, a nemi wajen giram 12.5 zuwa 13 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Wanda ba shi da wannan na'ura, ya bar wannan ɓangaren jadawalin yadda kamfani ya rubuta shi.