Yadda Ake Ba Ɗalibin Iran Lokacin Shiri Don Ya Rage Kuskure a Turancin Baka

Malamin Turanci a Tehran ko Isfahan ya san kurakuran da zai ji tun ɗalibi bai buɗe baki ba. Farisanci, babban harshen Iran, ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, shi ya sa "he" da "she" ke cakuɗewa. Haka kuma babu takwaran "the" a harshen, sai ɗalibi ya yi ta tsallake shi. Shiri yana rage wannan, amma ya danganta da irin shirin.

Da farko, ka ba ɗalibi labarin da zai bayar, daga jerin hotuna ko gajeren bidiyo marar magana. Ka ba shi minti 10 ya tsara, ya ɗan rubuta kalmomi a takarda ban da cikakkun jimloli. Karɓe takardar kafin ya fara, in ba haka ba karatu zai yi maka.

Sai dai kada ka ɗora buri a kan wannan matakin. Binciken Yuan da Ellis na 2003, wanda aka yi da ɗaliban Sin, ya nuna shirin kafin magana yana sa baki ya sake, jimloli su yi zurfi, amma nahawu bai cika gyaruwa ba. Ɗalibi yakan ƙarar da mintunansa wajen tunanin abin da zai faɗa, ya manta da yadda zai faɗe shi.

Mataki na biyu shi ne mai nauyi: cire masa agogo. Ka ce ya yi magana a tsanake, ya auna jimla kafin ta fito, in ya ji ya kauce ya gyara da kansa. Maganar za ta yi nawa, har ka ƙosa. Daure, kada ka ƙarasa masa jimla. A wannan jinkirin ne yake tuna ƙa'idar da ya haddace a makaranta.

Bayan kamar mako guda, ka sa ya sake ba da labarin nan dai. Ahmadian da Tavakoli sun gwada haɗa magana a tsanake da maimaitawa a kan ɗaliban Iran, a binciken da suka wallafa a 2011, kuma daidaiton nahawu da sakin baki duk sun ƙaru.

Ka riƙa naɗar muryarsa a waya kowane zama, ka ƙirga jimlolin da suka fito babu kuskure, ka kwatanta da na makon baya.