Yadda ake gane tamowa a jikin mai wankin ƙoda tun kafin ta kayar da shi

A Maradi, in an ce tamowa, yara ake tunowa da su, da zaren nan mai ja da rawaya da kore da ake ɗaura musu a damtse. Amma babba da ya daɗe a kan injin wankin ƙoda shi ma tana cin sa, a ɓoye, domin ruwan da ke taruwa a jikinsa yana rufe ramar.

Ka fara da sikeli, amma ka san lokacin hawansa. Nauyin kafin wanki ba abin dogaro ba ne, akwai ruwa a ciki. Na bayan wanki za ka riƙa rubutawa a littafi ɗaya, da kwanan wata. Idan ya ragu da kashi 5 cikin 100 a wata 3, wato kilo 3 ga mai kilo 60, a gaya wa lokotoro, ko da ana cewa ai kumburi ne ya saɓe.

Daga nan sai damtse. Mitar tela ta isa. A auna tsakiyarsa sau ɗaya a wata, a hannun da ba a yi wa aikin jijiyar wanki ba. Dubi gefen goshi da kafaɗa kuma, nan nama ke fara zubewa.

Gwajin jini na albumin, wato wani sinadarin gina jiki da ke cikin jini, shi ne na gaba. Ƙasa da giram 38 a lita alama ce, sai dai ciwo ko kumburin cikin jiki ma na saukar da shi, don haka ba a yanke hukunci da shi kaɗai.

Inda aikin yake shi ne kwanon abinci. Ka rubuta duk abin da ya ci na kwana 3, har da ranar wanki. Da yawa suna riƙe da tsohuwar doka ta "kar ka ci nama" da aka ba su kafin a fara wanki, alhali yanzu injin na tafiya da wani ɓangare na sinadarin gina jiki kowane zama. Ana so ya samu giram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato sinadarin gina jikin, a kowane kilo na nauyinsa kullum: mai kilo 60, giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, ka yi lissafi. Koko da tuwon gero ba za su kai shi ba.

Farin ƙwai, kaza, kifi ɗanye da nama marar gishiri su ne madogara. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk da garin nan nasu ne, fosforas, sinadarin da ke taruwa a jini in ƙoda ta gaza, ya yi musu yawa, haka nono. Kilishi, dunƙule da kanwa suna jawo ƙishi. Dabino, ayaba da tumatir kuwa fotasiyam ne, mai iya rikita bugun zuciya. Ganye a tafasa shi a zubar da ruwan farko. Fura ma a lissafa ta cikin ruwan da aka ƙayyade masa.

Ranar ganin lokotoro, a tafi da littafin.