Kurakuran da ke raba kwafin RDF na na'urarka da na sabar

Duk wanda ya ajiye kwafin bayanan RDF (wani tsari na rubuta bayanai da alaƙar da ke tsakaninsu) a kwamfutarsa don manhaja ta ci gaba da aiki ko babu intanet, wata rana zai tarar sabar na faɗin abu ɗaya, kwafinsa na faɗin wani, kuma babu saƙon gargaɗi ko ɗaya. Galibi tushen matsalar ɗaya ne: ana riƙon RDF kamar fayil, alhali tarin jimloli ne masu gaɓa uku, wato abin da ake magana a kansa, alaƙar, da abin da aka danganta masa. Ba su da jeri, ba su da lambar layi.

Shi ya sa kwatanta fayilolin Turtle (wata hanyar rubuta RDF a fayil) layi da layi ɓata lokaci ne. Sabar na iya fito da bayani iri ɗaya yau a wani tsari, gobe a wani. A loda su cikin ma'ajiya tukuna, sannan a kwatanta jimla da jimla.

Ko an yi haka, ƙulli marar suna, wato abin da ba a ba shi suna na dindindin ba sai laƙabin wucin gadi, zai hana ruwa gudu. Laƙabi irin _:b0 ba ya da ma'ana sai cikin fayil ɗin da ya zo da shi. Na taɓa shafe yini ina neman dalilin da adireshin mutum ɗaya ya zama biyar a kwafina. Ashe duk saukewar da na yi, ƙullin adireshin sabon laƙabi yake samu, ma'ajiyata kuwa ta ɗauke shi sabon abu ta ƙara. Mafita mafi ɗorewa ita ce sabar ta ba irin waɗannan ƙulle-ƙullen IRI na dindindin, wato suna mai kama da adireshin intanet. Ƙa'idar RDF 1.1 ta 2014 ta tanadi hanyar /.well-known/genid/ don haka. Idan sabar ba a hannunka take ba, akwai RDFC-1.0 da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi a 2024, mai tsara laƙabi bisa abin da bayanin ya ƙunsa. Amma a kula, don kwatanta kwafi biyu yake da amfani. Da zarar bayanin ya canza, laƙabin ma na iya canzawa, don haka kada a adana shi a matsayin suna.

Sai gogewa, wadda aka fi mantawa da ita. Manhaja ta tambayi sabar me ya ƙaru, ta ƙara, shi ke nan. Jimlar da aka goge can ba za ta aiko da labarin tafiyarta ba, sai ta ci gaba da zama a kwafinka kusa da wadda ta maye gurbinta, mutum ɗaya ya tashi da ranar haihuwa biyu. Dole a riƙe kundin canje-canje mai ɗauke da ƙari da ragi. Tsarin RDF Patch da ake amfani da shi tare da Apache Jena, manhajar sarrafa RDF, haka yake yi: layi mai A ƙari ne, mai D gogewa. A bi su a jere, kuma kowane rukunin canje-canje ya shiga gaba ɗaya ko a bar shi gaba ɗaya, kada intanet ta yanke a tsakiya ta bar ka da rabi.

Ba na yarda da agogon na'ura wajen tantance wane gyara ne sabo, don agogo biyu ba safai suke daidai ba. Idan sabar na bayar da ETag, wato alamar da ke canzawa duk lokacin da bayanin ya canza, a adana shi, a aika gyara tare da shi cikin If-Match, wato sharaɗin kada sabar ta karɓa sai alamar ba ta canza ba. Amsar 412 na nufin wani ya riga ka; ka sauko da sabon, ka haɗa, ka sake aikawa. A tuna kuma, a ƙa'idar Graph Store ta SPARQL 1.1, wadda ake karantawa da gyara ma'ajiyar RDF da ita ta intanet, umarnin PUT yana share duk abin da ke wurin ya maye gurbinsa ne, POST kuwa ƙarawa yake yi.

Jimlolin da manhaja ta fitar da kanta ta hanyar RDFS ko OWL, ƙa'idojin da ke ba ta damar gano sababbin jimloli daga waɗanda ke akwai, a ware musu nasu rukunin mai suna. In aka cakuɗa su da na sabar, ranar da aka goge tushensu ba za a san waɗanda ya kamata su bi shi ba. A goge rukunin, a sake lissafa shi bayan kowane daidaitawa.